Kafur a Akwatin Jariri

"Shinshina nan, oga," in ji Dakta Linda, ta miƙo wa Nuraddeen hular jaririnsa a ƙofar ɗakin jarirai masu tsananin jinya.

Ya shinshina. Kafur ne, fararen ƙwayoyin nan da ake jefawa a akwati saboda kyankyasai.

"Wasu yara, musamman maza, jininsu ba ya ɗaukarsa. Farfasa shi yake yi, shawara ta taso ta haye ƙwaƙwalwa. Mun sa shi a fitila, mun canja masa jini, amma kun zo a makare. Sai haƙuri."

Sai haƙuri! Kalmar da ba ta da tsada ke nan a asibiti. Duk zaryar awon da matarsa Muhibba ta yi, ba bakin da ya taɓa ce mata uffan a kan kafur. Ita kuwa, baiwar Allah, bayan shekaru tana jiran haihuwa, ta tashi daga ofis ta bi kasuwar Wuse rumfa-rumfa, ta sayo kayan jariri, ta wanke, ta goge, ta zuba musu kafur kamar yadda uwarta ke yi. Da idon yaron ya yi ɗorawa, maƙwabta suka ce a shanya shi a hantsi, aka yi ta shanyawa. Abin ya ci ran Nuraddeen, har ya rasa wanda zai tsana.

Kafin la'asar an kai yaron makwancinsa. Ragon sunan da ya sayo a Dei-Dei yana ɗaure a tsakar gida, yana cin dusa abinsa.

"Yaya Nura, me likita ta ce?" Muhibba ta tambaye shi.

"Kwana ne ya ƙare."

A ransa ya rantse da maganar kafur ɗin nan a cikinsa za a binne shi. Wa zai dubi mai jego ya ce mata tsabtarta ce ta yi kisa?

Da masu gaisuwa suka ja jiki, ya tarar da ita zaune a ƙasa tana ninke 'yan rigunan tana jerawa a akwati, idanunta sun kumbura suntum.

"Ka kai wa ƙanwata Ameera a Kuje," ta ce. "Haihuwa yau ko gobe, kuma hoto ya nuna namiji. Gara wani ya sa su. Na ƙara musu kafur, gidansu akwai kyankyasai."

Ya yi tunanin ya jefar da akwatin a bola a hanya, shi ke nan. To amma uwa ɗaya ta raine su, akwatin Ameera ma ba sai an buɗe ba, ya san akwai kafur a ciki.

Ya mayar da ƙofa, ya durƙusa a gabanta, ya karɓe rigar da ke hannunta.

"Muhibba, ban ƙarasa miki maganar likita ba."

Ta ɗago ta dube shi, tana jira.