Rabon Yaya

Ma'aikaciyar jinya ta zagaya ɗan siririn tef a damtsen yarinyar, ta ja shi a hankali. Ya tsaya a kan jan launi, alamar tamowa, kamar makon jiya, kamar na shekaranjiya.

Mahaifinta, wani kafinta, ya kawar da kai. Shi kaɗai ne namiji a layin, kuma tun da matarsa ta rasu wata bakwai da suka wuce yake goyo da raino. Matan da ke zuwa karɓar abincin tamowa sun saba da shi har suna kiransa Maijego. Yau ma da ya shigo da Auta a kafaɗa, babbar 'yarsa Yaya na riƙe da gefen rigarsa, wata tsohuwa ta matsa masa a benci tana cewa, "Ku ba Maijego wuri, jikinsa bai yi ƙwari ba."

Ya yi dariya a lokacin. Yanzu dariyar ta ɗauke.

"Malam, ko kaɗan ba ta ƙaru ba," in ji ma'aikaciyar. "Tana gudawa?"

"A'a."

"Tana ƙin ci?"

"Wannan? Har ledar take son haɗiyewa."

Ma'aikaciyar ta ajiye biro. Abincin da suke bayarwa kwaɓin gyaɗa ne da madara a ƙananan ledoji, kuma ta san yaron da ke cinye rabonsa ba ya mako uku a wuri ɗaya. Ta rage murya.

"Kada ka ji haushi. Sayarwa kake yi?"

"Haba, Sista. Gara in sayar da zartona."

"To ina yake tafiya? In mako mai zuwa haka ne, kwantar da ita za mu yi. Kai za ka zauna da ita, shago a rufe."

Kafinta ya dubi bakin ƙofa. Yaya na tsugune a can, shekararta huɗu da rabi, tana jera murafun kwalba a ƙasa. Kitson kanta aikinsa ne, shi ya sa ya karkace gefe guda.

"Ba ta roƙo," ya ce. "Da ma tana roƙo, sai in tsawata mata. Zuwa take ta tsaya tana kallon bakin ƙanwarta, tana haɗiyar yawu. Ni kuma abin da na dafa tun safe ya ƙare. Sai in matsa mata rabi a cokali." Ya shafa fuska. "Duka biyun ni na haife su, Sista."

Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa ta kira Yaya, ta ɗora ta a cinya, ta auna damtsenta. Tef ya tsaya a kore, dab da ruwan ɗorawa.

"Ke ce babba a gidanku?"

Yaya ta gyaɗa kai. "Ni nake wanke cokula."

"Na ga alama. To, kin ga abin nan na leda? Magani ne. Ƙanwarki ba ta da lafiya, in ba ta shanye duka ba, ba za ta tashi ta bi ki da gudu ba."

"Magani ai ɗaci gare shi."

"Na jarirai ne, shi ya sa aka sa masa zaƙi."

Yaya ta tsaya nazarin maganar, kamar wadda ake son a cuta a ciniki.

Ma'aikaciyar ta ɗauko wani kati ta cike, ta miƙa wa kafinta. "Ka kai ɗakin ajiya a bayan ginin nan. Za su ba ka gari da wake da mai na iyali, duk wata. Tun ranar farko ya kamata in tambaye ka ko akwai wani bakin a gida. Ban tambaya ba."

"Ni ma ban faɗa ba."

"Yanzu zauna can ka ba Auta leda guda a gabana, in ga cinta."

Ya koma benci, ya wanke hannu da ruwan buta, ya yage bakin ledar. Auta ta wangale baki tun kafin ya kai. Tsohuwar nan ta ce, "A hankali, Maijego, kada ta haɗa da yatsan."

Daga ƙasan ido yake neman Yaya, don ya san inda take tsayawa, daidai gwiwarsa ta hagu. Ba ta nan. Ya ɗaga kai.

Tana gefen benci, ta juya musu baya, goshinta a jikin bango, hannayenta biyu a rufe da idanu.

"Yaya, me kike yi?"

"Ba na kallo," ta ce da bangon. "Ka ba ta duka. In ta gama ka gaya mini."

Kafinta ya dubi ledar da ke hannunsa. Ya matso ragowar daga gindin ledar, ya miƙa ɗaya hannun ya dafa kan Yaya.

"Saura kaɗan," ya ce.