Bakin Hijabi a Cikin Taya

Tun ranar da bakin hijabina ya shige tayar babur a hanyar Bodinga, ya fizgo ni ƙasa da ɗiyata Ummi goye a bayana, ban sake hawa ba. Ni ce na kurje, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma daga nan, in na ji ƙarar kabu-kabu sai tafin hannuna ya jiƙe, ƙirjina ya shiga duka kamar ana sussuka.

Ummi kuwa sikila gare ta. Daga ƙauyenmu na bayan Danchadi zuwa asibiti, in ba babur ba sai dai a jira motar kasuwa. Ranar da ciwonta ya tashi bara, maigida yana fadama, na tsaya ƙofar gida ina kallon babur ɗin ƙanensa Haliru, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Surukata, Inna Salamatu, ita ta karɓe ta daga hannuna ta hau da tsufanta. Ummi tana miƙo mini hannu har suka sha kwana.

Ga damina ta gabato, sanyinta shi ke tayar mata da ciwo. Sai na nemi Haliru tun yarinyar tana lafiya. Da farko zama kawai nake yi a kan babur ɗin a kashe, cikin zaure. Daga baya ya riƙa kunna shi, ina zaune ina jin karkarwarsa har cikin haƙorana, ba na sauka sai numfashina ya daidaita.

Wata safiya na fito da ƙullin gero goye a bayana, na ɗaure shi da zane.

Haliru ya tuntsire da dariya. “Matar Yaya, yaushe anka yi suna ba a kira mu ba?”

“Nauyin Ummi ne. Ba ni gwaji da ɗiyata.”

“To mu zagaya ta bayan masallaci mu dawo.”

“A'a. Wurin da na hwaɗi za ka bi da ni.”

Dariyar ta tsaya. Na tattare hijabina, na ƙulle bakinsa, na danne ƙullin da cinyata. Muka kama hanya.

Yashi yana jan taya, babur yana tangal-tangal. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da muka hango gawon da ke bakin kwalbati, inda abin ya faru, sai iska ta cika hijabin ya kumbura. Na ji an ja ni ta wuya, ko da yake babu abin da ya ja ni.

“Tsaya! Haliru, tsaya!”

Na sauka na durƙusa gefen hanya. Na duba bakin hijabin: yana nan a ƙulle, ko ƙura bai taɓa ba.

“Ya isa haka nan,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “In kin suma mini a nan, mi zan ce ma Yaya?”

Zuciyata ta so ta yarda. Amma na san in na koma gida daga nan, gawon nan ya ci ni ke nan.

“Juya. Mu koma baya mu sake bi.”

Muka sake bi. Na ƙi rufe ido. Ƙirjina yana dukansa, na bar shi ya yi ta yi, ina kallon gawon har ya wuce ta kafaɗata. Muka sake, har Haliru ya fara ƙorafin mai.

Da muka iso gida da hantsi, na tarar da Inna a ƙofa, ta riga ta yafa mayafinta. Ummi tana kafaɗarta, ta riƙe gwiwa tana wannan siririn kukan da na sani.

“Ina kunka shige?” Inna ta ce. “Haliru, kada ka kashe shi. Ke, kama mini ita in hau.”

Na sauka na kwance zanen, geron ya faɗi ƙasa.

“Inna, ɗora mini ita.”

Ta dube ni sama da ƙasa.

“Kaltume, ba wasa ba ne wanga.”

“Na sani, Inna.”

Sai ta kwantar mini da ita a baya, ta ja zanen da kanta ta ɗaure tam. Jikin Ummi zafi rau a kan fatata, ta cusa fuskarta cikin wuyana. Na hau, na laluba ƙullin hijabin na danne shi. Tafina sharkaf da gumi, na goge a zane na kama ƙarfen baya.

“Mu tahi,” na ce.