Tumakin Addi da Dokar Agdal

Shekarar nan dusar ƙanƙara ta yi wa duwatsun Atlas na ƙasar Maroko rowa, ciyawar kwari ta ƙone tun ba a je ko'ina ba. Tumakin Addi, wani makiyayi ɗan ƙauyen Ait Warra, suka koma ƙashi da fata. Ga agdal can sama kore shar, wato makiyayar da ƙauyen Ait Warra da na Ait Izem suke rufewa tare duk shekara, ba mai shiga sai ciyawa ta zubar da iri.

Addi ya daure, ya daure, ranar da tunkiya ta mutu masa a hannu haƙuri ya ƙare. Da rana tsaka ya kora garken ya tsallake duwatsun iyaka. To tunkiya ina ruwanta da kunya? Suka bar ciyawa suka auka wa dashen itatuwan da matan ƙauyukan biyu suka rena tare da wata ƙungiyar kare tsauni daga Marrakesh. Kafin ya ankara sun aske su ƙwal.

Ranar Juma'a aka zauna bayan masallaci. Shugaban agdal na bana kuwa Bassou ne, tsohon Ait Izem, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da Addi kan rabon ruwan gona.

"Kai Addi," in ji Bassou, "tumakinka ne kaɗai ke da ciki? Namu duwatsu suke ci?"

"Dadda Bassou," in ji Addi, yadda suke kiran dattijo a can, "mutuwa suke yi."

"Namu rawa suke yi?"

Rkiya, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta sa baki. Ta ce su ba su nemi a hukunta kowa ba, akwai sauran dashe a lambun mata.

Bassou ya kira ta da laƙabin girmama mace, ya ce, "Lalla Rkiya, kun kawo iri, kun kawo bututun ruwa, Allah ya saka. Dokar nan kuwa kakanninmu suka bar mana. In na ɗaga wa wannan yau, gobe ƙauyena kaf zai hau, baɗi ki zo ki dasa itatuwanki a kan tsandauri."

Ya yanke hukunci: Addi zai sake dashen da hannunsa, kuma bana duk tunkiyar da ke ɗauke da shuɗin fenti, alamar gidansa, a gadon baya ba za ta taka agdal ba. Addi ya san ma'anar wannan. Garken ba zai kai kaka ba, shi kuma sai birni, dakon kaya. Ya tsani Bassou a ranar, tsana ta gaske.

Haka ya yi ta hawa da jarkar ruwa a kafaɗa yana dashe, Rkiya na nuna masa zurfin rami, matan Ait Izem na yi masa tsiya wai ya dasa wani a karkace.

Ranar buɗe agdal ya zauna a bakin garke, ba ya son jin kiɗan da ake yi. Sai ga mutane sun gangaro, na ƙauyensu da na Ait Izem, kowa da gwangwanin fenti. Bassou ne a gaba da sandarsa.

"Kun zo kallon gawa ne?" in ji Addi.

"Matsa, sarkin ɓarna. Na ce shuɗi ba zai shiga ba, kuma ba zai shiga ba."

Tsohon ya damƙi wata ramammiyar tunkiya, ya goge shuɗin da tsumma, ya shafa mata jan fentin gidansa. Wannan ya kama biyu ya shafa kore, wancan ya shafa rawaya. Kafin hantsi garken ya watse cikin garkunan mutane, kowa zai kiwata nasa rabon har kaka, sannan ya dawo masa da su.

Addi ya matso. Ya riƙe hannun Bassou ya sumbata, hawaye na zuba, ƙato da shi.

"Sakar mini hannu, ka ɓata riga da fenti," in ji Bassou. "Kai dai ƙafarka ba za ta taka can ba sai baɗi. Ka ji ni?"

"Na ji, Dadda."

Ya bi su har duwatsun iyaka, a nan ya tsaya. Tumakinsa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta waiwayo, suka dulmiya baki cikin ciyawa.