Kofi Mai Giɓi

Mutum mai hankali sau ɗaya yake sayen abu. Duk wanda ya koma kasuwa neman irin abin da ya taɓa saya, to ko dai bai iya zaɓe ba, ko bai iya riƙo ba. Wannan ita ce ƙa'idar Malam. Shekara talatin ya yi yana jami'in sayayya a wani kamfanin buga takardu yana koyar da ita kyauta, har abokan aiki suka laƙaba masa Sau-ɗaya. Shi ya ƙirƙiro fom ɗin nan mai gurbi uku: abin da ake so, yawansa, da dalili. Gurbin dalili ya fi sauran faɗi. An ce akwai akawun da ya gwammace ya yi wata guda yana rubutu da guntun fensir, da ya tsaya yi wa Malam bayanin inda bironsa ya shiga.

Abinci da sabulu kaɗai ya yi wa afuwa, don ya rasa yadda zai yi da su.

Hujjarsa kuwa kofin shayinsa ne, farin tangaran mai shuɗin zobe a baki, da ɗan giɓi kusa da mariƙi. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya saye shi. Baƙo bai isa ya zauna a falonsu ya tashi ba a nuna masa kofin nan ba. Surukinsa, mijin Auta, ya ji tarihinsa sau bakwai, kuma kowane karo sai ya yi mamaki, don yaro ne mai tarbiyya.

Wata uku da yin ritayarsa, matarsa ta zame a matattakalar bene ta yi targaɗe. Likita ya ce mako biyu ba fita. A rana ta biyu Malam ya nemi kofinsa a bakin taga, inda ya saba barinsa, bai gan shi ba.

"Maman Auta, ina kofina?"

"Na jiƙa shi. Shayi ya kama cikinsa."

Washegari ma yana jiƙe. Malam ya sha shayi a kofin baƙi, yana riƙe da shi kamar kayan aro. A rana ta huɗu ta miƙa masa takarda: ƙwan fitila, soson wanke-wanke, ashana.

"Ka tsaya a shagon bakin layi. Kada ka je na bayan tashar mota."

"Dalili?"

"Mai shagon ya cika surutu."

Malam ya juya maganar nan tun daga hawa na biyu har ƙasa. Surutu ba ya ƙara wa ashana tsada. A fom ɗinsa, irin wannan dalili da jan biro ake mayar da shi. Ya wuce shagon bakin layi ko waiwaye bai yi ba.

Shagon bayan tasha dogo ne, siriri, bokitai na reto daga rufi, kwanuka da farantai jere har ƙurya. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a tsinin hanci, kuma bai taɓa ganin Malam ba, don mai sayen abu sau ɗaya ba shi da yawan hulɗa da shaguna. Kafin a ɗauko ƙwan fitila, Malam ya riga ya gabatar da kansa, da shekarun aikinsa, da ƙa'idarsa, har da fom ɗinsa mai gurbin dalili.

"Kai, yallaɓai, yau na yi sa'a!" in ji mai shago. Ya jawo masa kujera. "Ni shekara arba'in ina sayarwa, har yau ban gama gane masu saye ba. Akwai mai zuwa duk wata ya sayi kwaɗo, ashe matarsa ce ke jefa makulli a shara in sun yi faɗa. Akwai mai sayen tocila uku a tare, wai ɗaya ta neman ɗaya ce."

"Ta ukun fa?"

"Ita ce wadda ke ɓacewa. Duk waɗannan na gano su. Amma akwai wata baiwar Allah da ta gagare ni. Tun da kai masani ne, warware min."

Malam ya gyara zama. Rabon da a ce masa masani tun ranar walimar sallama.

"Kofi take saya. Iri ɗaya, guda ɗaya. Wani lokaci shekara biyu ban gan ta a kan kofi ba, wani lokaci sau biyu a wata shida. Tana zuwa a gurguje, kullum da hantsi. Zuwa yanzu sau goma sha ɗaya ke nan."

"Mai sauƙi," in ji Malam. "Gidan 'yan sakaci ne. Yara na fasawa."

"Na ce haka. To, yaran sun girma, an aurar, kofi bai daina fashewa ba."

"To ita ce mai sakin hannu."

"Matar da ta sayi faranti dozin ɗaya a wurina shekara goma sha biyar, ba ta dawo neman ko ɗaya ba? A'a, yallaɓai. Sake lale."

Abin ya fara yi wa Malam daɗi. Ya ɗaga yatsa. "Saura mutum ɗaya ke nan, maigidan. Irin mutanen nan ne da ke ajiye abu duk inda hannunsu ya gaji. Kan mota, bakin taga, gefen tebur. Iska ta kaɗa labule, shi ke nan. Na yi aiki da irinsu. Ba su san darajar kaya ba."

"Madalla! To ga inda ta ɗaure min kai. In shi ke fasawa, ai ya san ya fashe. Me ya sa ba ta canza launi? Na nuna mata masu fure, na nuna mata na ƙarfe da ko daga bene aka jefo ba abin da zai same shi. Ta ce a'a, sai wannan. Kuma ba ta tafiya da shi haka nan." Mai shago ya buɗe aljihun tebur ya ciro ƙaramin magagari. "Sai na goga masa ɗan giɓi a baki. Sabon kofi fa, yallaɓai! Ni da hannuna nake lahanta kayana, a biya ni."

Wata babbar mota ta wuce, bokitan rufi suka kaɗa juna. Malam ya dubi magagarin.

"Giɓi a ina?"

"Nan, kusa da mariƙi. Faɗin ƙwayar shinkafa. Ta ce in ta kai gida kuma sai ta dafa shi cikin ganyen shayi, ya yi kamar ya sha duniya."

"Wane iri ne kofin?"

Mai shago ya shiga ƙurya ya fito da kwali mai ƙura. Kofuna uku ne a ciki, farare, da shuɗin zobe a baki, ba giɓi ko ɗaya. Malam bai taɓa ganin kofinsa da ƙuruciyarsa ba tun ranar da ya saye shi.

"Su ke nan suka rage. Kamfanin ya daina yi. Na ɓoye mata su, don wallahi ina son in ga ƙarshen labarin nan."

Malam ya tuna ranar da ya ɗora kofi a kan mota yana neman makulli, ya kuma tuna bai sauke shi ba, amma da yamma ya tarar da shi a kan tire. A lokacin ya ɗauki abin a matsayin shaidar ingancin tangaran, har ya ba da labarin a ofis. Ya tuna duk ranakun da aka ce masa an jiƙa. Ashe kofin nan ya fi kowane kofi a duniya shan jiƙo.

"Ba ka taɓa tambayarta dalili ba?" in ji Malam.

"Sau ɗaya. Ta dube ni ido cikin ido, ko murmushi babu, ta ce, 'Mijina bai taɓa sayen abu sau biyu ba.' Na ce to, ai shi ne nake tambaya. Ta ce, 'Ai shi ne na ba ka amsa.' Yallaɓai, kai da ka yi karatu, wannan amsa ce?"

Malam ya sake duban kofunan. Yana iya komawa gida yanzu ya buɗe kwandon shara, ya san abin da zai samu a ƙasa, naɗe cikin tsohuwar jarida. Yana iya shimfiɗa gutsattsarin a kan tebur ya nemi bayani. Bayanin kuwa za a ba shi, da ranaku da wurare, don Maman Auta ba ta mantuwa, shiru kawai take yi. Daga nan kuma sai ya nemi abin da zai riƙa nuna wa baƙi. Ita kuma ga ta can da ƙafa a kan matashi, kwana uku tana jiƙa kofin da babu shi, tana lissafin yadda za ta sauko bene.

"Goga wa ɗaya," in ji shi.

Mai shago ya sauke tabarau. Ya dubi Malam, ya dubi kwali, ya sake duban Malam. A shekara arba'in na ciniki, yau ne karo na farko da surutu ya ƙare masa. Ya zauna ya kama aiki, magagari na ƙara a hankali.

"Ta wane gefe take cewa?" Malam ya tambaya.

"Hagu da mariƙi."

"Haka ne," in ji Malam, wanda da shi aka tambaya, da gefen dama zai ce.

Mai shago ya hure ƙurar, ya naɗe kofin a takarda, ya sa shi ƙarƙashin soso da ashana. "Minti ashirin a ganyen shayi, in ji ta. Kada a sa madara."

"Sauran biyun ka bar su inda suke. In ta zo, ka ba ta. Ka ce kamfanin ne ya yi rabon kyauta da zai rufe."

"To, yallaɓai." Ya ɗauko littafin rasit, ya tsaya da biro a sama, shaiɗan na ɗan taɓa shi. "A rubuta dalili?"

Malam ya ciro walat ɗinsa, baƙa, mai shekara goma sha tara, wadda ita ma, kamar kofin, ba ta taɓa lalacewa ba, ko ɗinkinta bai warware ba. Ya tsaya yana kallonta fiye da yadda ya kamata. Sannan ya biya kuɗin kofi uku, bai nemi ragi ba, ya bar rasit ɗin a kan tebur.