Igiyar Kalmomi Dubu

Kwana tara ya rage a sake yi mini jarrabawar Latin, kuma malaminmu Fada Kornelis bai ɓoye mini komai ba: idan na sake faɗuwa, in haɗa akwatina in koma ƙauye. A makarantarmu ta horar da limaman coci, can kan tudu bayan garin Maumere, sau biyu kawai ake ba mutum dama. Ni kuwa na riga na cinye ta farko.

Shekarata talatin da ɗaya. Na yi shekara bakwai ina acaɓa kafin in shigo nan, shi ya sa 'yan ajinmu ke kirana Kawu Wili, wasu don girmamawa, yawanci don tsiya. Ranar da zan taho, ƙauyenmu kaf aka taru, aka yanka alade biyu, tsofaffi suka yi ta dafa kaina. Duk lokacin da na tuna zan iya saukowa daga motar haya da akwati a gaban waɗannan mutane, sai in kasa zama wuri ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba lalaci na yi ba. Kalmomin nan dubu da ake cewa da su ake buɗe tsofaffin littattafan Rumawa, zube da waƙa, babu wanda ya kai ni haddace su. Suna kan katuna dubu da aka yanko daga kwalayen taba, gaba Latin, baya fassara, an huda kowanne an zira a doguwar igiya da ta yi baƙi da gumin hannu. Aji ke gadar ta daga aji. An ce limamai fiye da ɗari sun ci jarrabawa da ita, har da wani bishop, shugaban limamai, don haka ba a kwance ta, ba a sauya wa kati wuri. Yadda muke jan carbi haka muke jan ta: mutum biyu su yi ta kai da kawowa a baranda, wannan ya rera kalma, wancan ya amsa da ma'ana, da muryar addu'ar amsa-amsa da muka tashi da ita tun muna goye.

Sauran sun fara Latin tun suna 'yan shekara goma sha biyu, igiyar tuni kawai take yi musu. Ni ita ce malamata gaba ɗaya. A jarrabawar farko aka ba mu layi ashirin na wata waƙa da ba mu taɓa gani ba. Na ga kalmar litus a layi na biyu. Allah ya sani na san ta, har na san tana cikin ɗari ta huɗu. Amma ma'anar ta ƙi zuwa sai da na kamo jerin daga kansa, na rero a zuci har na iso gare ta: bakin teku. Ni da aka haifa a bakin teku! Ina layi na shida Fada ya buga ƙararrawa.

Silvester ne shugaban ajinmu, kuma shi ke riƙon igiyar. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa.

"Kawu, don Allah zauna, kana sa ni jiri," in ji shi, da ya ga na zaga barandar sau goma bayan abincin rana.

"Tambaye ni daga tsakiya."

"Ba a kama igiya daga tsakiya."

"To shi wanda ya rubuta waƙar, jerin igiyarka ya bi? Kwance mini ita in gauraya katunan."

Ya dube ni kamar na ce a yi shanya a kan bagadin coci. "Hannun bishop ya taɓa wannan ƙullin, Kawu. Kai wane ne? Ka yanka naka katunan mana."

"Kati dubu, gaba da baya? Da wane lokaci? Tsakanin addu'a da aji da noman rogo, awa biyu nake da ita a yini."

"To ka ƙara rerawa. Ko kuwa ka koma kan babur, ai an ce ka iya shan kwana."

Na haɗiye wannan. Kwana biyu na ƙara ina rerawa, ƙafata na ciwo, kaina na zafi, kuma na san sarai aikin banza nake yi. A rana ta uku, lokacin hutun tsakar rana da kowa ya kishingiɗa, na ɗauko igiyar daga ƙusar da ake rataye ta, na zagaya bayan ɗakin girki inda ake shanya kofi. Na ari wuƙar yankan kifi da faifan bakace. Yanka ɗaya na yi wa igiyar. Katunan suka zubo cikin faifai, na yi ta bakace su yadda ake yi wa shinkafa har na tabbata babu wanda ya rage kusa da maƙwabcinsa.

Na zaro ashirin. Shida na sani.

Nan tsoro na gaske ya kama ni. Na lalata kayan gado, kuma ga shi ashe ban san komai ba. Ina durƙushe ina gumi Silvester ya same ni. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya tsinci guntuwar igiyar a ƙasa, ya ce, "Taso mu je wurin Fada."

Fada Kornelis ya haura saba'in, yana cikin lambunsa yana ɗaure tumatir. Ya saurari Silvester har ƙarshe, ya leƙa faifan, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Wilibrodus, kalma nawa ka sani?"

"Jiya dubu, Fada. Yau ban fi ɗari uku ba."

"To, an samu ci gaba." Ya koma kan tumatirinsa. "Ka taɓa kayan da ba naka kaɗai ba, ba da izini ba. Ko ka ci ko ka faɗi, ba za ka fita ƙofar nan ba sai ka mayar da kowane kati wurinsa. Silvester, ka bar masa faifan kwana shida."

'Yan aji suka daina yi mini magana, a teburin abinci ma sai aka bar kujera ɗaya tsakanina da su. Ba ni da lokacin jin haushi. Na cika aljihuna biyu da katuna: wanda na sani ya koma hagu, wanda ya gagare ni ya zauna dama. Ina kaftu a gonar rogo ina zaro kati, ina layin wanka ina zarowa, har a coci Allah ya yafe mini hannuna yana aljihu. Kalmar da ta yi taurin kai sai in kai ta inda abin yake: katin rijiya na tsaya da shi a bakin rijiya, na hayaƙi a ƙofar ɗakin girki, na fushi kuwa na karanta shi ina kallon ƙeyar Silvester. A rana ta huɗu shi da kansa ya fizge faifan.

"Kawo nan, mai yankan igiya. Kana ta ɓata lokaci wajen juya kati." Ya yi ta jefo mini su ba tausayi, in na kuskure ya ce, "Babur na jiranka."

Kafin ranar jarrabawa, ɗari bakwai da 'yan kai suka koma aljihun hagu. Aka ba mu rabin shafi na zube, da layi ashirin na waƙa. Inda ban sani ba na bar gurbi na wuce. A wajen layi na goma wani abu ya faru da bai taɓa faruwa da ni ba: na daina ganin kalmomi, na ga wani tsoho yana jan kwale-kwalensa zuwa tudu yana mitar 'ya'yansa da suka bar shi da aikin. Har dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ajiye alƙalami kafin ƙararrawa.

Washegari da hantsi aka liƙa sakamako. Sunana ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka ci. Na ruga ofis na roƙi waya, na kira Mama a ƙauye.

"Mama, na ci! Ba za a kore ni ba!"

Ina jin zakara yana cara a bayanta.

"To, mun gode Allah," in ji ta.

"Mama, ba ki ji ni ba ne?"

"Na ji ka, Wili." Ta ja numfashi. "Na sa an gyara rufin ɗakinka ne makon jiya. Na ce ko da wani abu."

"Au, kin ɗauka faɗuwa zan yi?"

"Ban ɗauka ba. Na dai kasa roƙon ka ci, sai na yi ta cewa Allah ya zaɓa. Shekara nawa suka rage yanzu?"

Murnata ta koma ciki. Ni ina ta gudun kunyar idon ƙauye, ban taɓa tambayar kaina wa ke zaune shi kaɗai a gidan ba.

"Takwas, Mama."

"Takwas," ta maimaita a hankali. "To, bari in sa a zuba masara a ɗakin, kada gyaran ya tashi a banza."