Musabahar Magajin Garin Elsvik

Ana gab da buɗe sabon filin wasan ƙanƙara na garin Elsvik, Marlys Tollefson, ma'ajin gari, ta shiga shagon kofi da hantsi ta tarar da jama'a a tsaitsaye suna tafi. Magajin gari, Duane Hovland, yana riƙe da hannun Curt Engebret, ɗan kasuwa mai ƙungiyar hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, yana ta girgizawa. Sun daidaita ke nan: ƙungiyar za ta karɓi hayar filin ita kaɗai, duk lokacin sanyi, na shekaru masu yawa. Ita ma Marlys ta tafa har hannunta ya yi zafi.

Babu wanda ya kai ta shan wahalar filin nan. Da takardun lamuni na gari aka gina shi, wato bashin da gari ya karɓa daga jama'a, kuma ita ce ta bi gida gida tana tallarsu ga manoma da 'yan fansho bisa alkawari guda: ribar da za su riƙa samu, gwamnatin tarayya ba za ta cire mata haraji ba.

Tana isa ofis ta kira lauyan da ya tsara takardun a birnin Saint Paul don ta yi masa albishir. Sai ya bayyana mata cewa an yafe harajin ne domin filin na jama'a ne. Idan aka damƙa shi ga ɗan kasuwa na dogon lokaci, yafiyar ta faɗi, kuma duk wanda Marlys ta yi wa alkawari sai ya biya harajin.

Ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba, ta koma shagon a guje. Ta ja Duane gefe ta faɗa masa, sai dai haki ya hana ta rage murya, kowa ya ji. Duane ya ce bai sa hannu a komai ba, amma ya yi musabaha a bainar jama'a, kuma a Elsvik wanda ya warware musabaha ko shebur ba a ƙara ara masa.

"Ranka ya daɗe, hannun nan naka zai kashe mu," in ji Marlys. "Da ka bar shi a aljihu."

Curt ya yi dariya, ya ce shi dai ya riga ya yi odar rigunan 'yan wasa.

A kusurwa, tsohuwa Solveig Engebret, mahaifiyar Curt, ta ajiye wainar dankalin da take ci. Ta tambayi Marlys ko takardun da ta sayar mata a kicin suna cikin waɗanda za a cire wa haraji. Marlys ta ce suna ciki.

"Curtis, zo nan. Wato kai ne za ka turo mini masu haraji?"

"Mama, ciniki ne fa."

"Ciniki da ribata? Sake masa hannu, ɗan nan, tun ina zaune."

Shagon ya ɓarke da shewa. Marlys ta sake kiran lauyan a nan take, kowa ya kasa kunne. Ya ce akwai hanya: ƙungiyar ta riƙa kama filin na ɗan gajeren lokaci, a farashin da kowa ke biya, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Curt ya sosa ƙeya, ya dubi mahaifiyarsa, sannan ya miƙa wa Duane hannu suka warware. Duane ya yi maza ya cusa nasa a aljihu.

Ranar buɗewa, layin masu kama wuri ya kai har bakin titi. Marlys na zaune a tagar ofis tana murmushi. Curt yana can ƙarshen layi da ƙaton kofi a hannu, a gabansa kuwa Solveig ce da ƙawayenta na coci, waɗanda suka riga shi kama filin na yammacin Asabar.