Tocila Biyu a Ajin Halima

Shekara bakwai Halima tana koyar da kimiyya a kolejin Gangara da kwantiragi, kuma yau darasi ɗaya zai sa a tabbatar da ita a aiki ko ta koma jira. Mai yanke hukuncin shi ne insifekta Abdulgafar daga Tanut, mutumin da iliminsa ya tsaya a gugar kaya da shafa turare. Ya zauna a bayan aji, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana latsa waya.

Ta sa aka rufe tagogi. Ta gaya wa yara cewa sararin sama buɗewa yake kullum, kuma masana ba za su san saurin buɗewarsa ba sai sun san nisan taurari. Akwai taurarin da aka san ainihin ƙarfin haskensu, don haka dusashewarsu ce ke nuna nisansu. Ta fito da tocila biyu iri ɗaya, ta ajiye ɗaya a teburin gaba, ɗaya can ƙarshen aji, ta kunna.

Ta kusa ce ta yi ja-ja kamar garwashi, ta nesa kuwa tana haske fes. Aji ya ɓarke da dariya.

Nan take ta gane. Mato mai gadi ya ari tocilar gaban jiya, ya cinye batir, ya zuba mata tsofaffin da yake shanyawa a rana kan katanga wai su farfaɗo. Sai ta tambayi yara, da ba su ga inda ta ajiye su ba, wacce za su ce ta fi nisa? Suka ce ta gaba. Ta ce to wannan kuskuren ne masana ke tsoro, domin in ba ka san ƙarfin fitila ba, nisan ƙarya ne, saurin ma ƙarya. Yaran ba su taɓa fahimtar darasi kamar yau ba.

Insifekta dai dariyar kawai ya ji, don ita ce ta ɗago kansa daga waya.

"Madam," in ji shi yana rufe alƙalami, "kayan aikinki sun ba ki kunya. Sai baɗi."

Ko tambayar abin da ya faru bai yi ba. Halima ta raina shi har cikin ranta, kuma rainin bai sauya ko harafi a takardar hukuncinsa ba. Ta zare batiran ta miƙa wa Mato. Ya karɓa da godiya, ya je ya sake jera su a rana.